Tarihin Horar da Malamai Domin Yara Masu Buƙata ta Musamman a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fita zagayen duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a makarantunmu na firamare ya san cewa da wuya a shiga aji ba a iske yaro ɗaya ko biyu da aka tura can layin baya, aka fid da rai da su, aka ce daƙiƙai ne ba. A wani zagaye irin wannan mun taɓa iske wani yaro ɗan aji uku, wanda malaminsa ya shaida mana cewa tun da ya karɓi ajin bai taɓa jin ya amsa tambaya daidai ba. Da muka zauna muka lura da shi, sai muka ga duk sa'ad da aka yi magana yakan karkato kunnensa na hagu, ya ƙura wa bakin mai maganar ido. Da aka nemi mahaifinsa, sai ya ce ai yaron ya yi ciwon sanƙarau yana da shekara huɗu, kuma tun daga lokacin sai an ɗaga murya yake ji. Malamin nan mutumin kirki ne, mai son aikinsa. Ya yi shekara uku a kwalejin ilmi ya fito da takardar NCE, amma ba wanda ya taɓa nuna masa a aikace yadda ake gane yaron da jinsa ya ragu, balle abin da za a yi masa bayan an gane.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Manufar wannan takarda ita ce mu waiwaya mu ga yadda aka yi muka iso wannan hali, watau mu bi tarihin horar da malamai domin yara masu buƙata ta musamman a Arewacin Nijeriya, tun daga zamanin da makarantar allo kaɗai ake da ita har zuwa dokar da aka sa wa hannu a 2019. Abin da muke so mu nuna shi ne, a tsawon wannan tarihi an mai da hankali wajen horar da ƙwararru 'yan kaɗan domin makarantu na musamman 'yan kaɗan, aka bar malamin aji na yau da kullum hannu rabbana, alhali kuwa a gabansa ne mafi yawan waɗannan yara suke zaune.

Kafin mu shiga cikin maganar ya kamata mu faɗi abin da muke nufi da masu buƙata ta musamman. A da, kalmar da aka saba da ita ita ce naƙasassu, kuma da an faɗe ta sai hankali ya tafi ga makafi da kurame da guragu da kutare. Kalmar da ake amfani da ita yanzu ta fi wannan faɗi, domin ta haɗa da masu ƙarancin gani, da masu ƙarancin ji, da masu i'ina, da masu farfaɗiya, da masu lalurar zabiya waɗanda hasken rana ke wahalar da idanunsu, da masu jinkirin fahimta, da waɗanda hankalinsu lafiya lau amma karatu ko lissafi kaɗai ke gagarar su, har ma da masu hazaƙa fiye da kima. A inda tarihi ya tilasta za mu yi amfani da tsofaffin kalmomin, domin su ne kalmomin zamanin da muke magana a kansa.

2.0 Kafin Zuwan Boko

Ƙasar Hausa ba ta jira Turawa ba kafin ta san da zaman waɗannan bayin Allah. A manyan biranenmu akwai sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, a Kano har da Sarkin Bebaye. Waɗannan sarakuna su ne ke shiga tsakanin jama'arsu da fada, su raba gardama, su sauki baƙi. Ko da yake wannan tsari bai shafi karatu kai tsaye ba, ya nuna cewa al'umma ta ba su gurbi sananne.

Ta fuskar addini kuwa, kowane almajiri ya san labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin nan wanda a kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa, wanda ya zama ladani, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha wakilta shi a kan Madina in zai yi tafiya. Abin lura a nan shi ne, neman sani ne ya kawo shi a ranar da aka saukar da ayoyin. Ashe ke nan haƙƙin makaho na neman ilmi abu ne da malamanmu suka daɗe da saninsa.

Makarantar allo tana da siffofi biyu da suka taimaka wajen tabbatar da wannan haƙƙi. Ta farko ita ce, ginshiƙin karatun a kunne yake: malam ya biya, almajiri ya maimaita, ya yi ta tilawa har ya haddace. Makaho yana iya zama a gefen ɗan'uwansa mai allo ya ɗauki karatu, ya sauke, ya shiga littattafai. Siffa ta biyu, wadda a ganinmu ta fi muhimmanci, ita ce kowane yaro da allonsa, kuma kowa da saurinsa. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa cikin izu, malam kuwa yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana biya wa kowa nasa, kuma ba a wanke allo sai an iya abin da ke kansa. Babu wanda ake cewa ya faɗi jarrabawa don sa'o'insa sun wuce shi. Abin da masana ilmin zamani suke kira tsara wa kowane yaro darasinsa gwargwadon ƙarfinsa, malamin allo ya daɗe yana yin sa ba tare da ya ba shi suna ba. Daga irin wannan makaranta ne aka sami mutane kamar Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya makance tun yana ƙarami, amma ya yi karatu, ya wallafa waƙoƙin Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya. Malamin allo ba horo aka ba shi domin wannan aiki ba, tsarin karatun ne ya dace da makaho, shi kuwa kurma tsarin bai yi masa rana ba, tun da abin da ya taimaki makaho, watau kunne, shi ne abin da ya rasa. Haka kuma ga mafi yawan makafi da guragu da kutare, bara ce al'umma ta ɗauka a matsayin sana'arsu. Sai dai kuramen ba su zauna haka nan ba. Sun raya harshensu na kansu a kasuwa da majalisa da wurin sana'a, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye, kuma masu ji da yawa suna taɓa shi saboda cuɗanya. Wata Bajamusa masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, ta yi nazarin wannan harshe a Kano, ta buga littafi a kansa a shekarar 2000, inda ta nuna cewa harshe ne cikakke mai tsarinsa na kansa. Za mu sake dawowa kan wannan batu nan gaba.

3.0 Zamanin Turawa da Aikin Mishan

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, makarantun da suka buɗe manufarsu a fili take, watau samar da ma'aikatan En'e da 'ya'yan sarakuna masu iya boko. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922 domin horar da malamai, duk a kan wannan turba suke. A tsarin da ɗa mai lafiya ma sai an zaɓo shi, ba a ko kawo zancen makaho ko kurma. Saboda haka malaman boko na farko da Arewa ta yaye, waɗanda su ne suka koyar da na bayansu, ba su gaji komai ba a wannan fanni.

Waɗanda suka fara shiga fagen su ne Turawan mishan, kuma ta ƙofar magani suka shigo. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita ayyukansu a ƙasashen sarakunan Musulmi, amma a shekarun 1930 sai aka buɗe musu hanya ta aikin kuturta. Mishan ɗin SIM ta riƙe zangon kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, kuma a waɗannan wurare ban da magani akan koyar da karatu da rubutu da sana'a. A 1943 SIM ta buɗe asibitin ido na Kano. A 1953 kuma Mishan ɗin SUM ta kafa makarantar makafi ta Gindiri a ƙasar Filato, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko irinta a Nijeriya. A nan ne yaran Arewa suka sami damar koyon rubutun makafi, watau rubutun nan mai ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, wanda wani makaho Bafaranshe mai suna Louis Braille ya ƙago, aka fara buga shi a 1829.

Game da kurame kuwa, dole mu leƙa Kudu, domin daga can ne abin ya ɓullo. Akwai wani baƙar fatar Amurka, Andrew Foster, wanda shi ma sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana da shekara 11. Ya yi karatu a Kwalejin Gallaudet ta kurame da ke birnin Washington, ya zo Afirka ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, sa'an nan ya buɗe wata a Ibadan a 1960. Kafin rasuwarsa a hatsarin jirgin sama a ƙasar Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashen Afirka. Foster ya horar da malamai da hannunsa, cikinsu har da kurame, wasu kuma ya buɗe musu hanya suka tafi Amurka suka dawo suka kafa nasu makarantun. A Legas ma 'yan Katolika sun buɗe makarantar makafi ta Pacelli a 1962.

To, ina malaman waɗannan makarantu suka sami horo? Hanyoyi uku ne. Ko dai Bature ne ko Baturiya da suka zo da ilminsu daga gida, ko ɗan ƙasa da ya koya a bakin aiki, ko kuma wanda aka tura Ingila ko Amurka ya yi kwas ya dawo. Har aka sami mulkin kai a 1960, har aka kafa Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Zariya a 1962, ba a da wata kwaleji a ƙasar nan da aka keɓe domin wannan fanni.

Wannan zamani ya bar mana gado iri uku. Na farko, aikin ya zo a hannun mishan, saboda haka iyaye Musulmi da yawa suka yi ɗari-ɗari da shi don tsoron kada a canza wa 'ya'yansu addini. Na biyu, ya zo da siffar makarantar kwana da aka keɓe, nesa da gida, har mutane suka ɗauka cewa ilmin makaho ko kurma aikin wasu ƙwararru ne a wani gari, bai shafi malamin makarantar unguwa ba. Na uku, maganar hannu da Foster da almajiransa suka yaɗa ta Amurka ce, kuma ita ce ta zama harshen makaranta har a Arewa. Faɗar wannan ba ta rage darajar aikin da mutanen nan suka yi ba, domin sun yi abin da hukuma ba ta yi ba a lokacin.

4.0 Shigowar Gwamnati: 1974 Zuwa 1981

Abubuwa uku suka haɗu suka sa gwamnati ta shigo. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar mutane da yawa da naƙasa, kuɗin man fetur ya samu, sa'an nan ga shirin ilmin firamare ga kowa, watau UPE, wanda Janar Yakubu Gowon ya yi shelarsa a Sakkwato a 1974, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1976. Da zarar an ce kowane yaro, to, an haɗa da makaho da kurma da gurgu, ko an yi nufin haka ko ba a yi ba.

An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a shekarar farko, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Aka shiga neman malamai ido rufe, aka buɗe sababbin kwalejojin horon malamai, aka gajarta lokacin horo, har aka ɗebi waɗanda ba su da takardar koyarwa aka ba su alli. A wannan shekara ta 1976 ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin ɗaga darajar irin waɗannan malamai ta hanyar karatu daga gida. A cikin wannan gaggawa, abin da ake so shi ne a sami mai tsayawa a gaban aji. Ba a sami sukunin tambayar ko ya san abin da zai yi da yaron da ba ya ganin allo ba.

A 1977 aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta samo asali daga taron manhaja na ƙasa na 1969 da taron ƙwararru na 1973. A karo na farko aka keɓe sashe guda, sashe na 8, ga ilmi na musamman. Duk wanda ya karanta wannan sashe zai ga cewa masu tsara shi sun yi hangen nesa. Sun ce a ƙidaya yaran, a ba su ilmi kyauta, sun kuma nuna cewa haɗa su da sauran yara a makaranta ɗaya shi ne ya fi dacewa, tun da a cikin jama'a ɗaya za su rayu. Game da malamai kuwa, sun shimfiɗa hanyoyi biyu: a horar da ƙwararru a kwaleji ta musamman, sa'an nan dukkan kwalejojin horon malamai su ba kowane ɗalibi ilmin da zai iya gane irin waɗannan yara ya taimake su a makarantar yau da kullum.

Hanya ta farko an bi ta da gaske. A 1977 ɗin aka buɗe kwalejin tarayya ta horar da malaman ilmi na musamman a garin Oyo, wadda ta yi shekaru masu yawa ita kaɗai ce irinta a ƙasar. Jami'ar Ibadan da Jami'ar Jos suka fara ba da kwasa-kwasai a fannin a cikin shekarun 1970, daga baya Jami'ar Bayero ta Kano da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su ma suka buɗe nasu sassan. Jihohi suka shiga kafa makarantu na musamman, misali makarantar Tudun Maliki a Kano wadda aka buɗe a 1977. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1981 a matsayin shekarar naƙasassu ta duniya, sai abin ya ƙara samun karɓuwa.

Hanya ta biyu ita ce aka bari a baya. Dalilin ba boyayye ba ne. Gina makaranta ɗaya a babban birnin jiha abu ne da ake gani, a yanke kyalle, a ɗauki hoto. Sake fasalin horon dubban malaman firamare kuwa aiki ne mai cin lokaci, kuma yana buƙatar masu horarwa waɗanda su kansu ba a da su. Ga kuma nisa: ɗan Gumel ko ɗan Argungu da ke son fannin sai ya tafi Oyo, kuma ba kowane uba ne zai bar 'yarsa ta yi wannan tafiya ba. Haka aka wayi gari makaranta ɗaya ko biyu ke ɗauke da nauyin jiha guda, sauran yaran kuwa ko suna gida, ko suna bara, ko suna layin baya a makarantar unguwa.

5.0 Daga Tsuke Bakin Aljihu Zuwa Shirin UBE

Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, fannin ilmi duka ya ji jiki, amma ilmi na musamman ya fi kowa, domin kusan duk kayan aikinsa, daga keken rubutun makafi da takardarsa har na'urar ƙara ji, daga waje ake sayo su. Duk da haka an sami ci gaba ta fuskar tsari. A 1989 aka kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa, wadda ta daidaita manhajar NCE, kuma a cikin darussan da ta wajabta wa kowane ɗalibi akwai kwas na gabatarwa a kan ilmi na musamman. Wannan shi ne cikon alkawarin 1977, amma ciko ne na fatar baki. Mu da muke cikin kwalejojin mun san yadda irin wannan kwas yake gudana: zango ɗaya, ɗalibai cike da babban zaure, a karanta ma'anoni da rabe-rabe, a haddace, a rubuta jarrabawa, a manta. Ɗalibi yakan ci kwas ɗin da kyakkyawan sakamako ba tare da ya taɓa shafa takardar rubutun makafi ba, ko ya gaisa da kurma da hannu.

A 1994 wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 suka taru a birnin Salamanca na ƙasar Sifen ƙarƙashin hukumar UNESCO, suka amince cewa makarantar yau da kullum ce ya kamata ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro. Wannan ra'ayi ya juya tambayar gaba ɗaya. A da ana tambaya ne ko yaron ya dace da makaranta, yanzu kuwa ana tambaya ko makaranta da malaminta sun shirya wa yaron. Shekara biyu bayan haka, a 1996, annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Nijeriya, mutum fiye da dubu 100 suka kamu, fiye da dubu 11 suka rasu. Sananne ne a likitance cewa wannan ciwo yakan bar wasu daga cikin waɗanda suka tashi da kurumta. Haka ma ƙyanda, ga kuma shan inna mai barin nata irin naƙasar, wadda sai a 2020 aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayarta daga Nijeriya. Yaran da waɗannan cututtuka suka taɓa a ƙauyuka da unguwanni suke, kuma makarantar da ke kusa da su ita ce ta malamin da bai sami horo ba.

A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE, a Sakkwato kuma, aka yi masa doka a 2004. A rabon kuɗin shirin an keɓe kashi 2 cikin ɗari domin yara masu buƙata ta musamman, kuma bugun 2004 na Manufar Ilmi ta Ƙasa ya ambaci karatun haɗaka ƙarara. Sai dai har a wannan mataki, in an yi zancen fannin, hankali yakan tafi ga gini da kayan aiki na makarantu na musamman, horon malamin aji kuwa sai ya ƙare a bita ta 'yan kwanaki.

6.0 Dokar 2019

Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. A 2015 aka fitar da manufa ta ƙasa a kan ilmin masu buƙata ta musamman. Sa'an nan a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, aka kafa hukumar da za ta kula da ita a 2020. Dokar ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Ta ce dukkan makarantun gwamnati su zama na haɗaka, kowace makaranta ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin kula da karatunsu, kuma rubutun makafi da maganar hannu su shiga manhaja tun daga firamare har manyan makarantu. Ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024.

In muka auna wannan doka da tarihin da muka biyo, za mu ga ta mai da mu kan hanya ta biyu ta 1977, wadda aka bari shekara 42 kafin nan. Ma'aikaci ɗaya a kowace makaranta yana nufin dubun-dubatar mutane, adadin da kwaleji ɗaya da sassan jami'o'i 'yan kaɗan ba za su iya yayewa ba. Babu inda za a samo su sai a kwalejojin ilmi, na tarayya da na jihohi, waɗanda su ne ke yaye malaman firamare. Saboda haka cikar wannan doka ko rashin cikarta a hannunmu take, mu malaman kwalejoji.

7.0 Darussa da Shawarwari

Darasi na farko da tarihin nan ya koya mana shi ne, ba manufa muka rasa ba. An rubuta abin da ya dace a 1977, an maimaita a 2004, an mai da shi doka a 2019, kuma kowane karo abin yakan tsaya ne a wurin mai horar da malami. Don haka muna ba da shawara a fara da mu kanmu. Malamin da ke koyar da dabarun koyar da lissafi ko Hausa ko addini a kwaleji ya kamata ya san yadda ake koyar da darasinsa ga yaron da ba ya gani sosai ko ba ya ji sosai, domin kada a bar nauyin duka a kan kwas ɗaya. Dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilmi na tarayya ikon ba da digiri dama ce ta sake duba manhaja da wannan ido.

Darasi na biyu shi ne, wannan ilmi na hannu ne, ba ya shiga ta hadda. Ya kamata kowane ɗalibi ya yi wani ɓangare na gwajin koyarwarsa a makaranta ta musamman ko ajin haɗaka, kuma a sa a cikin takardar auna shi ko ya iya gane yaron da ke da matsala. Abubuwa da yawa ba sa bukatar kuɗi: a dawo da yaro layin gaba, malam ya fuskanci aji in yana magana, ya faɗi abin da yake rubutawa a allo, ya ƙara girman rubutu, ya kau da mai lalurar zabiya daga hasken taga, ya san cewa ba a cusa wa mai farfaɗiya cokali a baki, ya kuma san lokacin da zai ce wa uba ya kai ɗansa asibiti.

Darasi na uku ya shafi abin da muka baro a gida, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaro kurma yakan zo makaranta da maganar hannu ta Hausa wadda yake yi da uwarsa da abokansa, sai ya iske ta Amurka da Turanci a aji. Mu da muke fafutukar a fara koyar da yaro da harshen uwa, bai kamata mu hana kurma wannan haƙƙi ba. Sassan Hausa na kwalejojinmu da jami'o'inmu su ne suka fi cancanta su tattara wannan harshe su koyar da shi, tare da kuramen da suka gaje shi. Haka nan dabarar malamin allo ta bin kowane yaro da nasa karatun, ya kamata a nazarce ta a ga abin da za a iya ɗauka zuwa ajin boko.

Darasi na huɗu, tun daga Foster tarihi ya nuna cewa waɗanda suka fi riƙe aikin da gaske su ne masu lalurar da kansu. Ya kamata kwalejojinmu su buɗe ƙofa ga ɗalibai makafi da kurame da guragu, su tanadar musu masu fassara da kayan karatu, jihohi kuma su ɗauke su aiki in sun gama. Ganin makaho yana koyarwa a makarantar unguwa ya fi wa'azi dubu wajen shawo kan uban da ke shirin tura ɗansa bara.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun bi tarihin horar da malamai domin yara masu buƙata ta musamman daga makarantar allo, zuwa aikin mishan, zuwa shigowar gwamnati a shekarun 1970, har zuwa dokar 2019. Mun ga cewa an sami ƙwararru da makarantu waɗanda suka yi aiki abin yabo, amma malamin aji, wanda shi ne yaron ke fara haɗuwa da shi, an bar shi da kwas ɗaya na zango ɗaya. Yaron nan da muka ambata a farko, abin da aka yi masa a ranar bai wuce dawo da shi layin gaba ba, da roƙon malaminsa ya riƙa fuskantar sa in yana magana, da shawartar mahaifinsa ya kai shi a duba kunnensa. Shekara uku ya yi yana jiran wannan ɗan abu. Hausawa sun ce babu naƙasasshe sai kasasshe, kuma in yaro ya zo makaranta da ƙafarsa ya zauna a gabanmu, to, shi ya yi nasa, saura namu. Muna fatan mahalarta wannan taro za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma cike inda muka rage. Allah ya sa mu dace, amin.